Jan da Ya Koɗe a Dutsen Genzo

Yaeko ta tsaya a tsakiyar matakalar makabarta ta dafa gwiwa, ta yi kamar igiyar jakarta take gyarawa. Ba ta so ɗanta Norio ya gane numfashi take mayarwa. Shi kuwa ya yi gaba, waya a kunne, takalmansa na ofis sai santsi suke yi a kan gansakuka.

Ya waiwayo. "Inna, kawo jakar nan in riƙe miki."

"Yi tafiyarka. Tun ba a san za a haife ka ba nake hawa nan."

"Ai shi ya sa na ce ki kawo."

Ba ta ba shi ba. A can ƙasan jakar, ƙarƙashin furanni da tsinkayen turare, akwai wani ɗan gwangwani da burushi naɗe a tsumma, kuma ba ta so ya gani ya fara tambaye-tambaye.

Yau za a rufe kabarin mijinta Genzo. Da bakinta ta yarda, ba wanda ya tilasta mata. Tun da ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida cikin sanyin da ya wuce, ta kwanta asibiti har furanni suka fito, Norio ya ce magana ta ƙare, za ta koma wurinsa Osaka. Shi kaɗai ta haifa. In ta bar garin ba mai share kabarin, ba mai zuba masa ruwa. Don haka za a ɗauke ƙasusuwan Genzo a kai su wani bene a birni, inda aka ce kati kake karawa, inji ya kawo maka tulun ƙasusuwan mamacinka ka gaishe shi. Dutsen kabarin kuwa za a kai shi bayan haikali, kan tudun nan da ake jibge duwatsun da ba su da sauran mai ziyara.

Genzo ne ya sassaƙa dutsen da hannunsa. Ba ɗan garinmu ba ne. Koyon sassaƙa ya hawo da shi yana saurayi, ya tarar da gari a kan tsauni inda haikali ya fi shago yawa, matattu suka fi masu rai, ya ce ai nan kasuwarsa take. Da suka manyanta, shi da Yaeko suka je wurin tsohon malamin haikalinsu ya raɗa musu sunayen da za a kira su da su bayan sun mutu. Nata Myoshun. Genzo ya sassaƙa sunayen biyu kusa da juna ya cika su da ja, kamar yadda ake yi wa sunan duk wanda ke da sauran numfashi. Ranar da mutum ya tafi, sai a wanke jan daga nasa.

Bai taɓa yarda da fentin kanti ba. Garin jan launi yake kwaɓawa da ƙaro irin na mutanen da, wanda damina ɗaya ke cinye rabinsa. Duk shekara in watan da matattu ke dawowa gida ya kusa, sai ya ɗauki gwangwaninsa ya ce ta biyo shi da shayi. Nasa sunan a gaggauce yake shafawa. Nata ne yake ɓata wa lokaci, ya durƙusa, harshe a waje kamar yaro mai koyon rubutu. In ya gama ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"To, na ƙara miki shekara ɗaya. Ki yi tattalinta."

"Da rufin kicin ka gyara mini da na fi gode maka."

Haka suke yi, shekara da shekaru. Ta ƙarshe ce ba a shafa ba. Tun daga nan kuma ba ta iya taɓa gwangwanin ba, ba ta kuma iya ce wa wani ya taɓa ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Yau kam ta ƙudura sai ta mayar da jan nan kafin dutsen ya bar wurinsa. Ta so ta hawo ita kaɗai tun da sassafe, sai Norio ya ce ba za ta taka matakalar nan ba sai da shi.

Ko da suka ƙarasa, Isamu ya riga su. Shi ne ya koyi sassaƙa a hannun Genzo, ya gaji shagon, yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. Ya kafa ƙarafa uku da sarƙar ɗaga dutse a gefen kabarin, ya rufe su da buhu don kada ta fara ganinsu. Ya cire tawul ɗin da ya ɗaure kai da shi ya sunkuya.

"Uwargida, kin hawo lafiya?"

"Ga ni dai, Isamu. Sannu da aiki."

"Ke, 'yar birni!" Muryar Umeno ce, mai awarar riɗi ta bakin babbar ƙofa. Tana zaune a kan dakalin kabarin wasu mutane, ta miƙe ƙafafu. "Tun ba ki tafi ba har kin koyi makara irin ta mutanen Osaka?"

"Wa ya gayyace ki, mai warin riɗi? Sauka daga kan mutane."

"Ba su ce komai ba. Kuma Genzo ne ya gayyace ni. Rabin cikinsa awarata ce, ai ina da gado a nan."

Tare suka yi firamare, tare suka bar ta. Umeno ta karɓi bokiti ta riƙe, Yaeko ta ɗebi ruwa da ludayin katako ta zuba a kan dutsen, ta bi shi da tsumma. Sunan Genzo fes, launin toka. Nata ma haka. Sai da ta kai ido kusa ta ga ɗan burbushin ja a lungun harafi ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta sa hannu a jaka ta taɓa gwangwanin. Daidai nan suka ji ƙarar babur a ƙasa.

"Malam ya iso da wuri," in ji Norio, har da ajiyar zuciya. "Madalla. Za mu samu bas ɗin yamma."

Ta zare hannunta.

Tsohon malamin da ya raɗa musu suna ya daɗe a kwance, ba ya gane kowa. Babban haikali ya turo wani saurayi, Malam Shinkai, wanda haikali uku yake kula da su a kan babur ɗaya. Ya hawo da gudu, baƙar rigarsa a tattare, sabon askin kansa yana sheƙi da gumi. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ba da haƙuri cewa akwai jana'iza tana jiransa a ƙauyen gangare. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Bai dai san mu ba tukuna.

Aka kunna turare. Ya naɗe carbinsa a hannu, ya kaɗa 'yar ƙararrawa, ya fara karatun da ake yi don a sallami wanda ke cikin dutse, dutsen ya koma dutse kawai. Muryarsa ta fi shekarunsa zurfi. Can ƙasa a babbar hanya masu ziyara suna wucewa da fararen riguna, sandunansu na ƙwas-ƙwas a kan daɓe. Yaeko ta haɗa tafukanta ta rufe ido. Ba addu'a take yi ba. Tunani take yadda za ta ce a dakata mata ba tare da an mai da ita abin kallo ba.

Malam ya zo inda ake ambaton mamaci. Ya matso, ya ɗan rusuna ya karanta daga jikin dutsen. Ya kira sunan Genzo, ya roƙa masa haske a hanyarsa. Ya kaɗa ƙararrawa. Sai ya ci gaba da murya ɗaya, ya kira Myoshun, ya roƙa mata ita ma haske, ya ce ta huta cikin rahamar Buda tare da mijinta.

Yaeko ta buɗe ido.

Isamu ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Norio bai ma lura ba, bai taɓa riƙe sunan ba. Umeno ce ta yi ta maza ta danne har ƙararrawar ƙarshe, sannan abin ya ƙwace mata.

"Malam! Wadda ka raka yanzun nan ai ga ta a tsaye. Ko ɗazu sai da ta zage ni."

Malam Shinkai ya dubi Umeno, ya dubi dutsen, ya dubi Yaeko. Kunnuwansa suka yi jawur.

"Myoshun... ke ce, Baba?"

"Ni ce, in an jima."

"Na ga ba ja ne, sai na ɗauka..." Ya sunkuya har carbinsa ya taɓa ƙasa. "Ki gafarce ni. Ki gafarce ni. Zan sake daga farko."

"Haba Malam," in ji Norio, ransa ya fara ɓaci. "Ai da sai ka tambaya."

"Kai, rufe mana baki." Yaeko ba ta ɗaga murya ba. "Kai da ka fito daga cikina ka san sunan? Ɗago, Malam. Abin da dutse ya gaya maka ka karanta. Kada ka sake komai, an rage wa na gaba aiki."

Umeno ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja gefen rigarta ta toshe hanci.

Isamu ya ture murfin da ke gaban kabarin ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da tulun. Ya karkata shi a hankali ya tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, ya goge, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya miƙa wa Norio da hannu biyu. Sannan ya yaye buhun, ya fara zagaya dutsen da igiya.

"Dakata, Isamu."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwar na ƙara. Ta fito da gwangwanin ta ajiye a kan dakali. Isamu ya gane shi nan take, har da lanƙwasar da ke gefensa.

"Inna, mene ne kuma wannan?" in ji Norio. "An riga an sallame shi fa. Dutse ne kawai yanzu, ba kowa a ciki."

"Na sani. Ni ba a sallame ni ba."

"Yanzun nan aka yi," in ji Umeno daga bayan rigarta.

Murfin ya ƙi buɗuwa. Ta sa farce, ta sa bakin mabuɗin gida. Isamu ya karɓa ya ɗan taɓa shi da kurfin sassaƙa, ya ɓalle. Ya leƙa, ya mayar mata.

Jan ya bushe ƙamas, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. A tsakiyarsa ga ɗan itacen da Genzo ke motsawa da shi, a tsaye, ya kafe inda ya bar shi.

Ranar ta dawo mata gaba ɗaya. Ƙurar dutse ta riga ta cinye masa huhu, daga ɗaki zuwa bayi sai ya huta a hanya. Ta fito daga kicin ta same shi a bakin ƙofa yana fama da takalmi, gwangwanin a gefensa, ya riga ya kwaɓa. Ta fizge. Ba ta yi da taushi ba, don tsoro ne ya kama ta, ita kuwa in ta ji tsoro faɗa take yi. Ta ce so yake ya mutu a kan matakala a ce ita ta bar shi? Ta ce wa ma ke karanta wannan jan, duk garin wa bai san tana da rai ba, da wannan bakin nata? Ya ce to su tafi a hankali, ko Isamu ya goya shi. Ta ce ba inda za shi. Ta ce, "Ka bari sai baɗi." Ya daɗe yana kallonta, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "To, baɗi." Ya cire takalmin da kansa ya jera shi kusa da ɗan'uwansa. Ta ɓoye gwangwanin a bayan buhun shinkafa. Ganyen itatuwa bai gama zuba ba ya rasu.

Da ta bar shi, da Isamu ya goya shi. Ba nauyi gare shi ba a lokacin.

"Uwargida," in ji Isamu a hankali, "akwai fenti a shago. Na kanti ne, amma ja ne mai kyau. In na sauka yanzu ba zan daɗe ba. Shi shekara ashirin yake yi ko gezau."

"Maigidanka zai yarda?"

Isamu ya sosa ƙeya. "Da ya jefe ni da guduma."

"To ka gani. Kuma wa ya ce maka shekara ashirin nake nema?"

Ta tofa yawu a cikin gwangwanin ta murza da yatsa. Ko alama. Umeno ta zuba ruwan ludayi, ruwan ya tsaya a sama garau. Burushin ma ya sandare kamar ƙusa. Norio ya dubi agogonsa, ya ga uwarsa ta gan shi, ya mai da hannun baya.

Ba wanda ya lura lokacin da Malam Shinkai ya bar wurin. Sai ganinsa suka yi ya dawo yana haki, da wani ɗan kasko mai murfi a tafinsa. Jan da ake buga hatimi da shi ne a littattafan masu ziyara, mai kauri, mai ƙamshin mai.

"Na takarda ne, Baba, ba na dutse ba," ya ce. "Ban ce zai jure ruwan sama ba. Shi kaɗai nake da shi."

"Jana'izar fa?"

"Mai ita ba zai yi fushi ba. 'Yan'uwansa ne dai."

Yaeko ta karɓa. Ta dangwala yatsanta manuni ta kai kan harafin farko. Jan ya fita daga layi, ta goge da gefen tsumma ta sake. Ramin haruffan ya yi daidai da kan yatsanta. Ba ta taɓa sa hannu a ciki ba sai yau, kallo kawai take yi tana riƙe da shayi. Ashe ƙasan ramin sumul yake, Genzo ya bi ko'ina ya goge, har inda ido ba ya kaiwa.

Gwiwar ta gaza a harafi na biyu. Ta ji an tallafe ta ta baya. Norio ne, ya ba Umeno tulun, ya durƙusa da wandonsa na ofis a cikin laka ya riƙe mata kafaɗu.

"Kin tsallake nan, Inna. Can sama, wutsiyar."

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

Da ta gama ba ta yi kyau kamar ta Genzo ba. Wani wuri ya yi kauri, wani ya yi dabbare-dabbare. Amma daga nesa kowa zai karanta: ɗaya ya tafi, ɗaya tana nan. Ta jira ko wani zai faɗi abin da Genzo ke faɗa a nan. Ba wanda ya san shi sai ita.

Isamu ya sa tsumma a ƙarƙashin igiyar don kada ta shafi jan. Sarƙa ta yi ƙara, dutsen ya ɗaga, ya bar wani baƙin murabba'i a ƙasa inda kiyashi suka watse. Suka bi amalankensa har bayan haikali. Tudun na nan kamar kullum, duwatsu ɗaruruwa kafaɗa da kafaɗa, hawa bisa hawa, gansakuka ta cinye sunayen na sama. Ya samo masa wuri a layin ƙasa, ya juya fuskarsa waje, wajen hanya.

"Duk tudun nan ba mai ja sai ke," in ji Umeno. "Ko a nan sai kin nuna kin fi mutane."

A tashar bas ta cusa mata ƙunshin awarar riɗi a jaka, ta ce ta ci yau, ba ta kwana. Ta ce kada ta kuskura ta mutu a Osaka ba ta faɗa mata ba. Ba ta tsaya bas ya tashi ba, ta juya ta tafi da sauri, tana ɗingishi.

Yaeko ta zauna a bakin taga, tulun a cinyarta. Bas ya wuce shagon turare, ya wuce shagon Genzo da Isamu bai canza wa allo ba, ya fita ta babbar ƙofa ya fara gangara. A kwana ta farko aka buga babbar ƙararrawar yamma, sautin ya biyo su cikin itatuwa. A ta gaba ɗigo ya faɗo a kan gilashi, sai wani, sai direba ya kunna abin share ruwa.

Norio ya leƙa sama ta taga, ya dubi uwarsa. Ya ciro takardar goge hannu mai laima daga aljihu ya miƙa mata.

"Goge yatsan, Inna, kin ɓata ƙyallen."

Ta duba. Gaskiya ne, ga shatin yatsanta ja a kan farin ƙyallen, daidai wuyan tulun.

"Kada ki damu da ruwan nan," ya ce. "In ya wanke, sai mu zo baɗi in kawo ki, ki sake shafawa."

Da gaske yake, ta ga haka a fuskarsa. Ita ma da gaske take ranar da ta ce wa Genzo haka.

"To," ta ce, "baɗi."

Ba ta karɓi takardar ba. Ta lanƙwashe yatsan a cikin tafinta, ta rufe shi da ɗaya hannun.